Haraji: Takardun da ya kamata ɗan kasuwa ya haɗa kafin 31 ga Maris

Shekara biyu da suka wuce wani kamfanin abinci ya nemi Baba ya riƙa kai musu shanu duk mako. An yi ciniki, an daidaita kan farashi, sai suka miƙo jerin abubuwan da za mu kawo kafin a sa hannu. A ciki har da takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku. Baba ya dube ni, tunda ni ne ɗan bokon gidan, ya ce, "Ɗauko musu tikitin kara mana, ai kullum sai mun biya." Na ɗauko kuwa, leda guda cike. Ma'aikacin harajin da muka tarar bai wulaƙanta mu ba. Ya duba tikitin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce wannan kuɗin kasuwa ne, shi abin da yake tambaya shi ne nawa Alhaji ya samu a shekara. Muka yi tsuru-tsuru. Kafin mu gama haɗa amsar, kamfanin ya ba wani aikin.

Tun daga ranar na zama mai ajiyar takardun gidanmu. Abin da na koya shi zan faɗa muku, don na san da yawa daga cikinmu, daga Agege da Mile 12 har Sabo ta Ibadan da Fatakwal, irin tunanin Baba gare su.

Harajin da ake magana a kai shi ne na kuɗin shigar mutum, kuma jihar da kake zaune ita take karɓa. Ko asalinka Hadeja ne ko Gusau, in a Legas kake zaune kake sana'a, hukumar harajin Legas, wato LIRS, ita ce taka. Na Ibadan nasu yana hannun hukumar jihar Oyo, na Fatakwal ta Ribas. Doka ta ce kowa ya cike fom ya bayyana abin da ya samu a shekarar da ta gabata, kuma ya miƙa kafin 31 ga Maris ta wuce. Mai albashi ana cire masa nasa duk wata tun daga wurin aiki, amma shi ma ana so ya cike fom ɗin. Mu 'yan kasuwa babu mai cire mana komai, mu ne za mu kai lissafinmu da kanmu. In ba ka kai ba, ko ka kai ba hujja, hukuma tana da ikon ta yi maka ƙiyasi ta yanka maka abin da ta ga ya dace. To a nan ne gizo yake saƙa.

Ga dalili. A ɗauka misali ka loda tirela daga Potiskum ko Maigatari, shanu 30, kowace ka saye ta a kan naira 700,000. Ka zuba miliyan 21 ke nan. Ka iso Oko-Oba ka sayar da su a kan 800,000 kowace, miliyan 24 ta shigo. Kuɗin mota, da na yaran da suka rako shanun, da dusa da harawa, da la'ada, da tikiti, a ce sun ci miliyan 1 da dubu 800. Abin da ya rage maka miliyan 1 da dubu 200 ne. In ka yi irin wannan sawu goma a shekara, miliyan 240 ta ratsa asusunka, amma ribarka miliyan 12 ce. Kai ka san haka, Allah ya san haka. Shi kuwa wanda yake zaune a ofis, miliyan 240 yake gani, sai fa in ka nuna masa inda sauran ta tafi. Ana biyan haraji ne a kan riba, amma nauyin nuna ribar yana wuyanka. Kuma kada ka ce ba za su gani ba, doka ta wajabta wa bankuna su riƙa sanar da hukumar haraji asusun da manyan kuɗi suke ratsawa.

Saboda haka takarda ta farko ita ce ta bayanan asusunka, wadda muke ce wa sitetimen, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba. Ta kowane asusu kake da shi, har da na POS da na waya irin su OPay da Moniepoint. Ana iya sauke ta ta manhajar banki, ko ka je reshe su buga maka. In ka karɓo, ka samu rana guda ka zauna da biro, ka bi kuɗin da suka shigo ɗaya bayan ɗaya kana rubuta na mene ne a gefe. Aiki ne mai gundura, ban ɓoye muku ba, ni kwana huɗu ya ɗauke ni a karon farko. Amma a nan za ka ga abin mamaki.

A asusun Baba na tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya shigo ba nasa ba ne sam. Akwai kuɗin wani aminin sa na Mubi da yake turo shanu Baba ya sayar masa ya mayar masa da kuɗinsa. Akwai na yaran unguwa da ba su da asusu, su kawo a tura wa iyayensu gida. Akwai na adashi, akwai na gyaran masallaci da aka tara ta hannunsa. Mu a wurinmu wannan amana ce da zumunci, ba ma ma ɗaukar sa wani abu. A takarda kuwa duk kuɗin shiga ne har sai ka nuna akasin haka. Abin da zai fid da kai shi ne a ga kuɗin ya shigo kuma a ga ya fita zuwa ga mai shi, da kwanan wata. In dillali ne kai, wannan ya fi shafar ka fiye da kowa, domin la'ada ce kaɗai taka, sauran na masu dukiya ne. Ka rubuta sunan mai shanun, da adadinsu, da yadda aka sayar, da abin da ka tura masa, da abin da ka riƙe. Ni shawarata ma, a buɗe asusu biyu, ɗaya na kasuwa ɗaya na gida da na aike. Baba ya yi ta gardama kafin ya yarda, wai yawan asusu yawan caji, amma yanzu shi yake gaya wa abokansa.

Sai littafin saye da sayarwa. Na san abin da za ku ce: wa yake ba da rasit a kasuwar ƙauye? Bafulatani ya kawo sansa, an tafa hannu, an ƙirga kuɗi, kowa ya kama gabansa. Haka ne. Amma ba a hana ka rubuta naka ba. Ranar kasuwa, sunan kasuwar, dabba nawa, nawa aka saya, wane dillali ne ya tsaya. In taransifa ka yi, alat ɗin shaida ne. In tsabar kuɗi ka cira ka tafi da su, ranar da ka cira da ranar da ka saya za su yi kusa da juna, kuma wannan ma hujja ce in littafinka ya nuna. Iyayenmu da yawa suna da irin wannan littafin, sai dai da ajami. Na Baba ƙaramin littafi ne da ba ya rabuwa da aljihunsa, kuma wallahi ya fi lissafin wasu masu kwamfuta tsafta. Abin da nake yi shi ne duk Juma'a da yamma ya karanta mini in kwafe da boko a babban littafi. Saƙon murya na WhatsApp da ake ciniki da shi kada a dogara da shi kaɗai, waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta. A mayar da shi rubutu.

A littafin nan dole a ware shafin bashi. Kowa ya san yadda muke yi da mahauta: ya ɗauki sa yau, sai ya sayar da nama ya kawo kuɗi, wani ya cika, wani ya kawo rabi, wani kuma sai dai a haɗu gaban Sarkin Fawa. Ka rubuta wanda ya ɗauka, da abin da ya biya, da abin da ya saura. Bashin da ya tabbata ya mutu ana iya neman a cire shi daga riba, amma sai in akwai alamar cewa ka bi ka gaji. Haka dabbar da ta faɗi a hanya, ko aka yi mata yankan gaggawa aka sayar da naman a wulaƙance. Ka ɗauki hoto, ka rubuta rana da wurin, ka sa direba da wani shaida su sa hannu. Asara ce ta gaske, bai kamata ka biya haraji kamar ka ci ribarta ba. Sannan ranar 31 ga Disamba ka ƙirga abin da ya rage a kara ba a sayar ba, ka rubuta yadda ka saye su. Da wannan ake rufe lissafin shekara, da shi kuma ake buɗe na gaba.

Tikitin nan da muka kwasa a leda kuwa, ashe yana da amfaninsa. Ba shi ne harajin ba, amma kuɗi ne da ka kashe saboda kasuwanci, don haka ana rage shi daga riba. Haka rasit ɗin mota, da na likitan dabbobi, da hayar shago ko rumfa, da albashin yaranka. Abin da ake karɓa a hanya ba takarda kuwa, mun san yana nan, ka rubuta shi a littafinka don kanka, amma kada ka sa rai kowane ma'aikaci zai amince da shi. Cefanen gida, kuɗin makarantar yara, hidimar biki da abin da ka tura wa su Inna ba sa cikin kuɗin kasuwanci, kada a cakuɗa. In ka sayi mota ko injin don sana'ar, ba a cire kuɗinsa gaba ɗaya a shekara guda, ana rarraba shi ne a kan shekaru, saboda haka takardar sayen ta zauna a wuri mai kyau.

Yanzu ga wani abu sabo. Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026. A ƙarƙashinsu naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kanta. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 da ke bayanta kashi 18, haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Sannan an kawo rangwamen haya: kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar gidan da ka biya a shekara ana cire shi kafin a yi lissafi, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. Wannan ya shafe mu sosai, don yawancinmu a Kudu haya muke. A ce dillali ya samu la'adar miliyan 3 a shekara, yana biyan hayar 600,000. In yana da rasit, za a cire masa 120,000, harajinsa ya zama 312,000. In ba shi da shi, 330,000 zai biya. Takarda guda ta tsare masa 18,000. Matsalar ita ce da yawanmu hannu da hannu muke ba mai gida ko wakilinsa, ba rasit ba yarjejeniya. Ka nemi rasit mai ɗauke da sunanka da adireshin gidan da sunan mai gidan, in da hali ka biya ta banki. Masu zuba kuɗin fansho, ko inshorar lafiya, ko inshorar rai, su ma su nemi takardar abin da suka zuba a shekarar, ana rage shi.

'Yan uwanmu masu aikin gadi ko tuƙi a kamfani, naku da sauƙi: takardun albashi na wata-wata da shaidar abin da aka cire muku. Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato 70,000 a wata, doka ta yafe masa. Wanda kuma yake kai wa otal ko kamfani kaya, in sun cire wani kaso daga kuɗinsa da sunan haraji, ya nace sai sun ba shi shaidar cewa sun zuba da sunansa, don za a rage masa daga abin da zai biya. In kana da gidan haya a Kano ko Kaduna, kuɗin hayar yana cikin abin da za ka bayyana a inda kake zaune. Wanda yake raba shekara tsakanin Arewa da Kudu kuma ya riga ya biya a wata jihar, ya riƙe rasit ɗin da kyau don kada a nemi ya biya sau biyu.

Kafin ka je, ka tabbata kana da lambar NIN, kuma sunan da ke kanta ya yi daidai da na banki. Mu nan muka sha wahala, wani wuri Muhammadu, wani wuri Mamman, sai da aka yi rantsuwa a kotu. A Legas akwai lambar mai biyan haraji da LIRS take bayarwa, kuma ana iya cike fom ɗin ta shafinsu na intanet. Wanda lissafinsa yake da yawa ya nemi akanta, amma shi ma akantan waɗannan takardun zai tambaye ka, ba zai ƙirƙiro su ba. Sabuwar dokar ta sa tarar naira 100,000 a watan farko ga wanda bai miƙa fom ba, da 50,000 a kowane wata bayan nan. Ana kuma so a ajiye takardun shekara shida, don haka ka ɗauki hotonsu, musamman rasit ɗin POS da rubutunsa yake gogewa cikin 'yan watanni.

In an aiko maka da takardar ƙiyasi ka ga an yi maka yawa, kana da kwana 30 ka rubuta ƙorafi, ka haɗa da kwafin hujjojinka, ka sa a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin. In kwanakin suka wuce ba ka ce komai ba, ƙiyasin ya zauna. Biya kuwa ta banki ake yi, cikin asusun gwamnatin jiha, a ba ka rasit da sunanka da lambarka. Duk wanda ya zo kara ya ce ka ba shi a hannu zai gyara maka, ka ce masa ya rubuto maka a takarda.