Yadda Ake Shirya Haruffa Kafin Hasken Lesa Ya Yanka Su

Mai rubuta allon sanarwa a da, buroshi da fenti ne kayan aikinsa, in ya yi kuskure sai ya goge ya sake. Na'urar lesa kuwa ba ta san gyara ba. Duk layin da kwamfuta ta nuna mata shi za ta bi ta ƙone, ko daidai ne ko kuskure, kuma katakon da ya ɓaci ya ɓaci ke nan.

A shekarar 1960 ne Theodore Maiman ya ƙera lesa ta farko a Amurka, a 1964 kuma Kumar Patel ya samar da mai amfani da iskar kabon dayokzaid, wadda ita ce aka fi yankan katako da fata da ita. Madubai ne ke kai hasken ga wani gilashi, shi kuma ya tattara shi a ɗigo ɗaya mai tsananin zafi. In an ƙara gudu aka rage ƙarfi, sai ya sassaƙa saman abu kawai; in an rage gudu aka ƙara ƙarfi, sai ya huda ya wuce.

Kwamfuta tana ajiye zane ta hanya biyu. Ta farko ita ce ta ɗigo-ɗigo, kamar hoton waya, wanda in an faɗaɗa shi sai ya dushe. Ta biyu ita ce ta layi, inda ake bayyana kowane lanƙwasa da lissafi, irin wanda Pierre Bézier ya yi amfani da shi wajen zana jikin motocin Renault a Faransa a shekarun 1960. Yanka ba ya yiwuwa sai da zanen layi, domin shi ne hanyar da kan na'ura zai bi. Manhajoji irin su CorelDRAW, wadda ta fito a 1989, da Inkscape duk suna yin wannan aiki.

A ɗauka wata makaranta ta aika Kaduna a yanka mata allo mai ɗauke da ƘARAMAR HUKUMAR BIRNIN GWARI. Matsala ta farko tana ga harafin Ƙ. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, amma har yanzu ba kowane salon haruffa ke ɗauke da su ba. In kwamfutar mai yanka ba ta da salon da aka zaɓa, sai ta musanya shi da wani, ko ta ajiye ɗan akwati a gurbin harafin. Maganin wannan shi ne a mayar da rubutun zanen layi tun kafin a aika, bayan an duba ƙa'idar rubutu sosai, domin daga nan ba ya gyaruwa kamar rubutu.

Matsala ta biyu ita ce cikin haruffa. A da R suna da rami ɗaya, B tana da biyu. In ana so a huda haruffan a jikin allo, tsakiyar nan za ta faɗo ƙasa, sai B ta koma baƙin rami. Saboda haka ake barin 'yan gadoji masu riƙe ta da sauran allon.

Ta uku ta shafi rubutu mai haɗe, musamman ajami. Inda haruffa biyu suka hau juna, na'ura za ta yanka kowanne daban, ta raba kalmar gutsi-gutsi, sai fa in an narkar da su sun zama siffa guda. Ɗigogin ajami kuma suna bukatar abin riƙewa.

Har ila yau, hasken yana cinye kusan milimita 0.1 zuwa 0.3 a kan hanyarsa, don haka ƙafar harafi in ta cika siranta sai ta karye ko ta ƙone. Kada kuma a kuskura a yanka robar PVC, domin tana fitar da hayaƙi mai guba da ke cutar huhu yana kuma cinye ƙarfen na'ura.

Gwanin sana'ar yakan fara gwada kalma ɗaya a kan guntun kwali, ya ɗaga ta ya girgiza. In babu abin da ya faɗo, sa'an nan ya ɗora katakon mai aiki.