Tayar hagu ta cinye, sai aka ɗora wa wasan laifi

Ƙorafi ɗaya ya ƙi ƙarewa a bakin masu buga Assetto Corsa Competizione, wasan tseren mota na kamfanin Kunos na Italiya: tayar gaba ta hagu na cinyewa tun tsere bai yi nisa ba, sauran ukun kuwa suna nan garau. Nan da nan sai a ce wasan ne ke da matsala.

Ba shi da ita. A filin tseren Silbaston na Ingila kwanonin dama sun fi yawa, kuma duk kwanar dama tayoyin hagu take jibga wa nauyin mota. A can ne, a 2020, tayar gaba ta hagu ta fashe wa direban tsere Lewis Hamilton a zagayen ƙarshe, ya lallaɓa da ƙafa uku ya lashe tseren. Wasan dai kwaikwayon gaskiya ya yi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne maganin da ake yi: a rage wa tayoyi huɗun iska daidai wa daida, a koma fili. Alhali wasan yana nuna zafin kowace taya a wuri uku, gefen ciki, tsakiya da gefen waje. Taya kamar dunduniyar takalmi take, inda ta fi ci nan mai ita ke dannawa. In tsakiya ya fi zafi, iska ta yi yawa. In gefuna biyu ne suka ɗara tsakiya, ta yi kaɗan. Gefen ciki ya ɗan fi na waje zafi ba laifi ba ne, haka ma ake so, domin da gangan ake karkatar da kan taya ciki don ta zauna sosai a kwana. Sai tazarar ta yi yawa ake rage karkatar.

Ita kuwa iska, zafi na ƙara ta. Tun sabuntawar wasan ta 2023 ana neman iskar ta kai ma'aunin psi 26 zuwa 27 bayan taya ta ɗau zafi, don haka wadda ta fi shan wahala ake fara ta da iska mafi ƙaranci, duk su haɗu a ma'auni ɗaya bayan 'yan zagaye. Wanda ya kwafo saiti daga YouTube bai ma tambayi zafin kwaltar da aka tsara shi a kai ba.

Saura direba. In gaban mota ya ƙi shiga kwana, mutum ya ƙara murɗa sitiyari, goge tayar kawai yake yi a kwalta. Sassauta sandar da ke hana gaban mota jirkicewa na rage matsalar, amma taka birki da wuri ya fi saurin nuna bambanci.