Kalmomin tsohuwar duniya a Hausa: gado da aro

Tun da aka buɗe makarantun gwaji na harsunan gida a Damagaram a shekarar 1973, duk malamin da ke son karantar da tarihi da Hausa yana cin karo da tambaya guda: da waɗanne kalmomi zai faɗi abin da littafin Faransanci ke kira « Antiquité »? Tambayar ta ƙara nauyi a 2025, da aka mayar da Hausa harshen ƙasa. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauko kalmar Faransanci a lanƙwasa ta. A ganinmu akwai gaggawa cikin wannan, domin Hausa ta riga ta mallaki wasu daga cikin kalmomin tun kafin zuwan Nasara.

Da farko ya kamata a raba gado da aro. Masana sukan ba da misali da harshen ƙasar Lituwaniya, wanda ya riƙe tsofaffin siffofi fiye da sauran danginsa na Turai, har Ferdinand de Saussure ya je can a 1880 don ya ji shi da kunnensa. Tunkiya a wannan harshe « avis » ce, a Latinanci « ovis », a Ingilishi « ewe ». Ba wanda ya ara daga wani; uwa ɗaya suka gada. Hausa ma tana da irin wannan gado: « mutu » ɗan'uwan « mata » na Larabci ne da « mwt » na tsohon harshen Masar, « huɗu » kuma ta yi daidai da « fdw » ta Masarawan. Amma ko mutanen Lituwaniya, in za su yi zancen sarautar Masar, « faraonas » da « piramidė » suke cewa. Aro ne tsantsa, kamar a Ingilishi. Ke nan aro ba aibi ba ne. Abin dubawa shi ne ta wace hanya kalma ta shigo, da ma'anar da ta kwaso a tafe.

Mu ɗauki « takarda ». A yanki kamar Dakoro, inda Bahaushe da Buzu da Bafillace ke cin kasuwa ɗaya, ba wuya a ji cewa Buzaye ma haka suke kiran abin. Daga wurinsu Hausa ta samo ta, ko da yake aron ya girmi garin nesa ba kusa ba. Saiwar ita ce « charta » ta Latinanci, wadda ta fito daga « khartes » ta Yunananci, watau fallen ganyen rubutu na Masar. Kakannin Buzaye na Arewacin Afirka sun liƙa mata ɗafa-goshin « ta- », alamar jinsin mace a harshensu, Hausa kuma ta haɗiye kalmar gaba ɗaya, kamar yadda ta yi wa « takobi », kamar kuma yadda ta haɗiye « al- » na Larabci cikin « alƙalami ». Shi ma alƙalamin asalinsa « kalamos » ne, kara a Yunananci. Almajirin da ke feƙe kara bai kauce wa ma'anar farko ba ko kaɗan. Claude Gouffé a 1974 da Maarten Kossmann a 2005 sun nazarci irin wannan cuɗanya tsakanin Hausa da harshen Buzaye. Saiwar « charta » ta sake shigowa daga baya ta wasu ƙofofi: « kati » daga Ingilishi, da « karta » ta ƴan caca.

Labarin « zinariya » ya fi ban mamaki. A Roma « denarius » kuɗin azurfa ne, an fara buga shi wajen shekara 211 kafin haihuwar Annabi Isa. Larabawa suka mayar da shi « dinar », kuɗin zinariya, wanda halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya daidaita wajen 696. A Hausa sunan kuɗin ya koma sunan ƙarfen kansa, sannan malamai suka sake aro « dinari » daga littattafan fiƙihu. Harafin « d » da ake rubutawa bayan kwabo a Nijeriya har zuwa 1973 ma wannan « denarius » ɗin ne.

To amma tsohuwar kalma tana iya ruɗa yaro. « Fir'auna » ba ta da wahala sosai: asalinta « babban gida » ne a harshen Masar, sai dai a nuna wa ɗalibi cewa laƙabin sarauta ne, ba sunan mutum ɗaya na zamanin Annabi Musa ba. « Rum » ce mai tarko. Yaron da ya yi makarantar allo ya san Suratur Rum, ya ji labarin Hirƙal sarkin Rum. Amma Hirƙal ya yi sarauta ne daga 610 zuwa 641, fadarsa tana Kusɗanɗiniya, jama'arsa da Yunananci suke magana. Daular da littafin tarihi ke nufi, mai hedikwata a Roma, ɓangarenta na yamma ya faɗi tun 476, na gabas kuwa sai 1453. In malami ya ce « Rum ta faɗi a 476 », ya saɓa wa abin da yaro ya taso da shi, yaron kuwa malamin zaure zai gaskata. Shawararmu a ce « daular Roma » ga ta farko, a bar « Rum » ga ta gabas.

Haka nan muna ganin a riƙe « Yunan » tare da « Girka », a ce « dala » maimakon lanƙwasa « pyramide », tun da dalar gyaɗa ta riga ta share hanya. Ita « Antiquité » kanta, « zamanin jahiliyya » bai dace da ita ba, domin hukunci ne na addini a kan Larabawan kafin Musulunci. « Zamanin da » ya yi faɗi, yana iya nufin lokacin kakan mutum. « Zamanin daulolin farko » muke ba da shawara a gwada a aji, a ga yadda ɗalibai za su karɓe shi.