Yadda laburaren jami'a ke koya wa ɗalibai bambance aya da tsakuwa

Ƙannenmu 'yan sakandare, musamman ku 'yan aji shida masu shirin WAEC da NECO da JAMB, akwai wani darasi da ke jiran ku a jami'a wanda babu shi a ko ɗaya daga cikin jarrabawowin nan. A sakandare malami ne ke zaɓo muku littafi, ya rubuta darasi a allo, ku kwafa. A jami'a kuwa malami zai ba ku jinga, ya ce nan da mako biyu ku kawo shafi biyar tare da sunayen littattafan da kuka duba, ya ɗauki jakarsa ya fita. Daga nan ya rage naku ku san inda za ku nemo bayani, da wanda za ku yarda da shi, da wanda za ku watsar.

Wannan ƙwarewa ita ake kira ilimin tantance bayanai. Wani Ba'amurke mai suna Paul Zurkowski ne ya fara ba ta suna a wani rahoto da ya rubuta a 1974, tun kafin intanet ta shigo hannun jama'a. A yau koyar da ita na daga cikin manyan ayyukan laburaren jami'a, domin a zamanin wayar hannu ba ƙarancin bayani ke damun ɗalibi ba, yawansa ne.

Tambayoyi biyar daga Kaliforniya

A 2004 wata ma'aikaciyar laburare, Sarah Blakeslee, ta Jami'ar Jihar Kaliforniya da ke garin Chico a Amurka, ta fito da wani ma'auni mai sauƙin haddacewa domin sababbin ɗalibai. Ana kiransa CRAAP, kuma tambayoyi biyar ne. Yaushe aka rubuta bayanin? Ya shafi abin da kake nema? Wane ne marubucin, kuma mene ne iliminsa a fannin? Akwai hujja a ciki? Don me aka rubuta shi: don ilmantarwa, ko talla, ko jan ra'ayi? Ma'aunin ya bazu zuwa ɗaruruwan makarantu.

Sai dai bincike ya zo ya nuna cewa kallon shafi kaɗai bai wadatar ba. A 2016 masana a Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Farfesa Sam Wineburg, sun tattara amsoshin ɗalibai 7,804 daga jihohi 12 na Amurka. Fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare da aka nuna wa wani talla a shafin jarida sun ɗauka labari ne, alhali an rubuta a jikinsa cewa biya aka yi aka saka shi. An kuma nuna wa 'yan babbar sakandare hoton wasu furanni masu karkatacciyar halitta, aka ce haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima ta Japan ne ya mai da su haka. Kusan kashi 40 cikin 100 suka ce hoton hujja ce mai ƙarfi, ba tare da sun san wanda ya ɗauke shi ko inda aka ɗauka ba.

A 2017 masanan suka sake wani gwaji da malaman tarihi 10, da ƙwararrun masu binciken gaskiyar labarai 10, da ɗaliban Stanford 25. Aka ba su shafukan ƙungiyoyin likitocin yara guda biyu masu suna kusan iri ɗaya: ɗaya tana da mambobi fiye da 60,000, ɗayar kuwa ƙaramar ƙungiya ce da ta ɓalle a 2002. Fiye da rabin ɗaliban suka fi amincewa da ƙaramar, saboda shafinta ya yi musu kyau a ido. Masu binciken labarai kuwa duk cikinsu babu wanda ya ruɗu. Dabararsu ita ce ba su daɗe a kan shafin ba. Nan da nan suka fita suka duba abin da wasu ke faɗi game da masu shi. Kamar dai mai neman aure ne: ba a bakin saurayi ake jin halinsa ba, unguwarsu ake zuwa a tambaya.

Yadda ake gina shirin

Laburaren da ke son kafa irin wannan shiri ba da sayen kwamfutoci yake farawa ba. Da farko sai ya gwada sababbin ɗalibai ya ga abin da suka iya, domin iya danna waya daban, iya bincike daban.

Na biyu, sai ma'aikatan laburare su haɗa kai da malaman sassa. Laccar sa'a ɗaya a makon maraba da sababbin ɗalibai ba ta zama a ƙwaƙwalwa. Amma in ma'aikacin laburare ya shigo aji daidai lokacin da aka ba da jinga, kowa zai kasa kunne, don yana da buƙata a gabansa.

Na uku, a bi abin hawa-hawa. Ɗan shekarar farko ya koyi neman littafi da lambarsa. Yawancin jami'o'inmu na bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, inda kowane fanni ke da harafinsa: kimiyya Q, likitanci R, noma S, shari'a K, harshen Hausa da adabinsa kuwa suna ƙarƙashin PL. Ɗan shekara ta biyu da ta uku ya koyi shiga mujallun masana, irin waɗanda ake samu ta HINARI a fannin lafiya da AGORA a fannin noma. Ɗan shekarar ƙarshe ya ƙware wajen ambaton majiya a kundinsa, don kada a kama shi da satar fasaha. Na huɗu, a riƙa duba ayyukan ɗalibai a ga ko karatun ya shiga.

A nan gida fa?

A jami'o'in Najeriya akwai darasin amfani da laburare cikin darussan gama-gari na sababbin ɗalibai, waɗanda wasu ke kira GST, wasu GSP, wasu GENS. Mu da muka zauna a irin wannan aji mun ga amfaninsa, mun kuma ga giɓinsa. Sau da yawa ɗaruruwan ɗalibai ne a zaure ɗaya, a haddace ma'anoni, a rubuta jarrabawa, shi ke nan. Akwai abokanmu da suka ci darasin da maki mai kyau, amma ba su sake taka ƙofar laburare ba sai da lokacin rubuta kundi ya zo. Fatanmu shi ne a mai da darasin na aikatawa: a ba ɗalibi labari ko hoto a ce ya binciko asalinsa.

Maganar ba ta maki kaɗai ba ce. A watan Agustan 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Najeriya, wani saƙo ya karaɗe wayoyi cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na kare mutum. Aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu da dama suka kwanta a asibiti. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT, wadda kan iya ƙago sunan littafi da marubucin da ba su taɓa wanzuwa ba, ta jera maka su tsaf kamar gaske.

Ku fara tun yanzu

Ba sai kun samu gurbin karatu ba. A 2019 wani malami, Mike Caulfield, ya taƙaita dabarar masu binciken labarai zuwa matakai huɗu da kowa zai iya bi da wayarsa. Ka tsaya kafin ka tura. Ka binciki wanda ya yi maganar. Ka duba ko wasu kafofi amintattu sun ruwaito ta. Ka bi sawunta har zuwa asalinta. In hoto ne, Google Lens na iya nuna maka wuraren da aka taɓa saka shi. In labari ne, shafukan Dubawa da Africa Check aikinsu ke nan.

A wannan makon, ku ɗauki saƙo ɗaya daga cikin waɗanda aka turo zauren WhatsApp na ajinku ko na gidanku, ku bi shi da matakan nan huɗu, sannan ku gaya wa abokanku abin da kuka gano. In makarantarku na da laburare, ku shiga ku gaida mai kula da shi, ku roƙe shi ya nuna muku yadda aka jera littattafan. Matambayi dai ba ya ɓata.