Waƙar Da Ke Bakin Kaka, A Sa Ta A Takarda

'Yan'uwa mata, yau zancenmu a kan waƙa ne, amma ba ta sarakuna ko ta 'yan siyasa ba. Waƙar cikin gida muke nufi, watau irin wadda ke zancen miji da mata, da uwa da ɗa, da kishiya, da tsadar cefane.

Tsofaffin Yakasai za su gaya muku, a dā in hantsi ya yi ba abin da ke tashi cikin lunguna sai lugude. Mai daka tana waƙa, mai niƙa tana yi, mai reno ma da tata. Abin da mace ke jin nauyin faɗa wa miji ko uwar miji baki da baki, sai ta saka shi cikin waƙa, a ji, a gane, ba a yi faɗa ba. To, inji ya karɓe aikin turmi da dutsen niƙa. Hannu ya huta, madalla, amma waƙoƙin nan suna bin tsofaffi kushewa ɗaya bayan ɗaya, don ba a rubuta su ba.

Kada wata ta ce rubuta waƙa aikin maza ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan ƙauyuka ta hannun jajinta. Nan Kano kuwa an yi Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, waɗanda suka zauna cikin ƙungiyoyin mawaƙa tare da maza a zamanin su Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu. Sun yi waƙa a kan abin da ya shafi kowane gida, kamar tsabta, da kula da yara, da canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973. A 1983 aka buga waƙoƙinsu a Zariya cikin littafin Alƙalami a Hannun Mata. Shi ya sa har yau mai so zai nema ya karanta. Ita unguwar Yakasai kanta ba baƙuwar fasaha ba ce, a nan aka haifi Aminu Ladan Abubakar, watau Ala, a 1973, shi ma kuwa da alƙalami ya fara, yana rubuta littattafan labari.

Yaya ake tsara ta? Ba wuya. Kowane layi ɗango ne, ɗangogi su haɗu su zama baiti. Mai koyo ta fara da ƙwar biyu, watau ɗango biyu a kowane baiti. Ta zaɓi sauti guda da zai riƙa rufe baitocin duka, shi ne amsa-amo. Sa'an nan ta rera da baki, inda ta ji harshe ya yi tuntuɓe, nan ne awo ya karye, sai ta gyara. Bisa al'ada akan buɗe da sunan Allah da salati, a rufe da godiya.

Amma a kula, magana zarar bunu ce. Abin da aka faɗa bakin turmi iska ke ɗauka, na takarda kuwa yana nan har jikoki. Kada a kama sunan kishiya ko a tona asirin ɗaki. A faɗi halin, a bar mai shi.

Ku 'yan makaranta, ga aikinku. Ku ware littafi guda, bayan sallar isha ku zauna gaban kaka, ku roƙe ta waƙar daka ko ta reno. Ku rubuta yadda ta faɗa, ku sa sunanta da shekara. In littafin ya yi rabi, ku cika sauran da taku.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin.