Masu Sa Ido Kan 'Yan Sanda a Ingila da Wales

A Ingila da Wales babu rundunar 'yan sanda guda ɗaya mai karɓar umarni daga babban birni. Runduna 43 ce, kowace da yankinta da shugabanta. A yawancin yankunan, shugaban runduna yana ba da bahasin aikinsa ne ga wani farar hula da jama'a suka zaɓa, mai muƙamin Kwamishinan 'Yan Sanda da Yaƙi da Laifuka. Sunan na iya rikita mai karatu a Najeriya, inda kwamishina ɗan sanda ne mai kaki. Wannan kuwa da ƙuri'a ya hau, ba ya kama kowa, kuma wa'adinsa shekara 4 ne.

Wata doka ta 2011 ce ta ƙirƙiro muƙamin, ya maye gurbin tsofaffin hukumomin sa ido waɗanda talaka bai ma san mambobinsu ba. An yi zaɓen farko ranar 15 ga Nuwamba, 2012, a yankuna 41. Kimanin kashi 15 cikin ɗari kawai suka fito. A wata rumfa a garin Newport, malaman zaɓe sun wuni ba su ga mutum ko ɗaya ba.

Duk da haka ikon da ke hannun kwamishina ba kaɗan ba ne. Shi ke naɗa shugaban runduna, shi ke iya sallamarsa. Shi ke tsara kasafin kuɗi, ya kuma rubuta shirin tsaro da ke fayyace abin da za a sa a gaba, ko satar shiga gida ce, ko cin zarafin mata. Yana ba ƙungiyoyin da ke tallafa wa waɗanda aka zalunta kuɗin aiki. A mafi yawan yankuna kaso mafi tsoka na kuɗin runduna daga gwamnatin tsakiya yake zuwa, sauran kuma daga harajin gidaje. Idan takardar harajin ta iso wa magidanci, zai ga rabon 'yan sanda a layinsa daban, kuma kwamishina ne ya yanke adadin. Sai dai doka ta shata masa iyaka: ba shi da hurumin cewa a kama wane ko a saki wane. Wannan na shugaban runduna ne.

Shi ma akwai masu duba shi: kwamitin da ya ƙunshi aƙalla kansiloli 10 da mutum 2 masu zaman kansu. Kwamitin na iya hana ƙarin haraji ko naɗin shugaban runduna idan kashi biyu cikin uku na mambobinsa suka amince, amma ba zai iya tsige kwamishina ba. Nan ne raunin tsarin yake, kuma ya fito fili a 2014, lokacin da rahoton wani bincike da Alexis Jay ta jagoranta ya nuna an yi lalata da yara kimanin 1,400 a Rotherham. Kwamishinan yankin, Shaun Wright, ya taɓa zama kansila mai kula da harkokin yara a garin. Firaminista ya ce ya sauka, jam'iyyarsa ta ce ya sauka, ya ƙi. Sai da aka shafe mako uku ana matsa masa kafin ya ajiye aiki da kansa, domin babu mai ikon cire shi.

Ikon sallamar shugaban runduna ma yana da iyaka. Magajin Wright, Alan Billings, ya tilasta wa shugaban runduna David Crompton barin aiki a 2016, amma a 2017 babbar kotu ta ce matakin ya saɓa wa doka.

A Landan da Manchester da kewayenta, zaɓaɓɓen magajin gari ne ke riƙe da aikin kwamishina. A Nuwamban 2025 gwamnati ta sanar cewa za ta soke muƙamin kwamishina a 2028, ikonsa ya koma hannun magadan gari, ko shugabannin ƙananan hukumomi a inda babu su.