Kainuwa da Kuɗin Sauya Ruwan Tarwaɗa

YOLA: A Turai da Amurka, masu kiwon kifin ado na ruwan gishiri kan raini ciyawar teku a wani tanki dabam, domin ta zuƙe dattin da kifi ke fitarwa. Mai kiwon tarwaɗa a Jimeta, wanda man injin sauya ruwa ke cinye masa riba, yana da kainuwa, mai irin wannan aiki a ruwan daɗi.

Tilas a keɓe mata kududdufi, domin in ta rufe tafkin kifi, iska za ta yi musu ƙaranci. Ta fi bunƙasa tsakanin digiri 22 da 30, saboda haka tana buƙatar inuwa a Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola kan haura 40. A riƙa kwashe ta a yi taki, kada ta ruɓe a ciki ta mayar da dattin.